Guntuwar wayar da na bari a silin ɗin Alhaji

Assalamu alaikum, ina gaida mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni.

Shekara bakwai na yi a shagon intanet na wani Alhaji a Makarfi, inda ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Kwamfuta goma sha biyu, duk ni na ja musu waya ta cikin silin, ni na san inda akwatin da ke rarraba musu sabis yake. Bana surukinsa ya dawo da takardar digiri, shi ke nan na zama shara. Da na yi ƙorafi, a gaban mutane Alhaji ya ce, "Jan waya aiki ne? Ko akuya aka koya wa za ta yi." Aka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Malam Sule mai ɗinki da ke shagon gefe. Ya ce, "Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wallahi sai ka neme shi."

Ranar da zan bar aikin na ce zan ɗauko filayata a silin. Na hau da guntuwar waya, na soka bakinta biyu a cikin akwatin nan guda. Masu wannan aiki sun san ma'anarsa: saƙo ya yi ta zagaye a wuri ɗaya har komai ya shaƙe. A kashe a kunna, sabis ya yi minti biyar ya tsaya cak. Mai digiri ya canja sim, ya canja rawuta, na'urar da ke kawo sabis ɗin, aka ɗauko gwani daga Zariya, shi ma bai ɗaga kai ya kalli sama ba. Daga ƙarshe Alhaji ya sa aka turara shagon, aka yayyafa wa rawuta rubutu. Ɗalibai suka koma Ikara. Na ji tausayinsa? Ko kaɗan. Daɗi na ji, har da gangan nake bi ta ƙofar shagon ina gaishe shi, "Alhaji, ya akuyar, ta koya?"

To jiya Malam Sule ya zo gidanmu, idonsa ja. Ya ce, "Ɗana, Alhaji ya kai ni ƙara wurin mai unguwa, wai asiri na yi wa shagonsa, tunda ni na ce sai ya neme ka. Ranar Asabar zan dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. Da furfurata! Har mata sun fara karɓe ɗinkinsu." Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai dai ka yi mini addu'a." Na kasa kallonsa, kunya kamar in nutse.

Amma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ba ta huce ba. Minti ɗaya ya ishe ni in zare wayar nan, to sai Alhaji ya ci bulus ke nan, ko haƙuri bai ba ni ba? Kuma duk Makarfi an san ni kaɗai ke hawa silin ɗin, ina zarewa an gane. In na yi shiru, dattijon da ya tsaya mini shi kaɗai zai tashi da sunan matsafi.

Yau Alhamis, jama'a. Me zan yi?