Sinkin Inna

Daren Laraba, Kurmin Mashi

Yau mai gyaran famfo ya gama ɗaura sinkin wanke hannu a banɗakin Inna. Marar faɗi na zaɓa, da 'yar kabad a ƙarƙashinsa, don ƙofa ta riƙa buɗuwa. Na auna bangon, na sake aunawa, komai ya zauna daidai. Tun da likita ya hana ta tsugunawa saboda gwiwa, burina kawai ta yi alwala a tsaye.

Bayan la'asar na kai ta ta gani. Ta shafa kabad ɗin, ta sa mini albarka, sannan ta ce, "Amma Babangida, a nan zan yi bisimilla? Ga masai a gefena?"

Na ce ta yi a zuci. Ta ce ba da tsufanta za ta fara ba.

Da magariba ta ɗauki butarta ta fita tsakar gida. A tsugune ta yi alwalar, da ƙyar ta miƙe, tana dafa bango, ta ƙi kama hannuna.

Me ya hana ni tambayarta tun farko? Na ajiye kujerar roba a bakin rariya. Idan ta ture ta da asuba, ban san abin da ya rage mini ba.