Fuskar Amayi a Kan Zane

Yaya Ndaziona,

Gaisuwa mai yawa daga Durban. Ya ƙafar Baba? Ya yara? Ni lafiya lau nake, tarin nan ma da sauƙi, kada ki sa shi a ranki.

Na samu saƙonki kan zannuwan da za a ɗaura ranar bikin buɗe dutsen kabarin Amayi, mahaifiyarmu. Hotonta da kika turo don a buga a kan zannuwan ƙarami ne, da an ƙara girmansa sai fuskar ta dushe. Anti Nokwanda, mai shagon ɗab'in da nake yi wa shara, ta buɗe min wani shafin zane a intanet. Ɗigo ake sawa, a ja layi, a lanƙwasa shi bisa hoton. Ko an mai da shi girman bango ba ya dushewa.

Ran farko na goge rabin fuskar bisa kuskure, na fashe da kuka. Ta ce, "Ke 'yar Malawi, kukan me? Danna nan, komai zai dawo." Ya kuwa dawo. Na daɗe ina kallon maɓallin nan.

Takarduna na zama a ƙasar nan ba su fito ba, zannuwan za su zo gida a motar Zomba ban da ni. Ki ba Baba haƙuri.

Abu ɗaya, Yaya, kuma kada kowa ya ji na tambaya. Tabon ƙunar da Amayi ta samu wajen tuƙa tuwon nsima bai fito a hoton ba. A wane kunci yake? Kwana uku ke nan ina ƙoƙarin tunawa.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanwarki,
Tiyamike