Fudin a Wutar Aro

Lahadi, 27 ga Janairu, 1985
Fudin ya sake kwanciya. Lafiyayyen ƙullu na dama, fulawa da ƙwai da madara, na bar shi ya huta, amma ya fito kamar tafin takalmi. Ba laifin hannuna ba ne. Fudin wuta yake so, sai kitsen tanda ya fara hayaƙi kafin a zuba ƙullu. Mu kuwa tun da aka shiga yajin aikin nan aka yanke mana kwal ɗin da kamfanin haƙa ke ba mu. Miji ya shekara ashirin yana haƙo kwal, matarsa na hura katakon shinge. Abin kunya.

Talata, 29 ga Janairu
Asibiti sun sallamo Baba Wilf, mahaifin mijina Cliff. Ba don ya warke ba, ƙurar ramin kwal ta gama cinye huhun. Mun sa masa gado a falo. Na tambaye shi abin da yake marmari, ya ce fudin ranar Lahadi, wanda ya tashi sosai, da romon albasa, a ci kafin nama yadda aka saba. Wai ba irin fatar da na ba shi da Kirsimeti ba. Tsohon nan, numfashi da ƙyar amma bakin yana nan.

Laraba, 30 ga Janairu
Tun safe hayaƙi ke tashi a bututun gidan Glenys, baƙi mai kauri. Ƙanwata ce ciki ɗaya, layinmu ɗaya, amma tun Nuwamba da mijinta Royston ya karya yaji ya koma rami, ko sannu ba ta haɗa mu ba. Cliff ya faɗa a gaban mutane, duk wanda ya taka gidan maci amana kada ya dawo masa gida. Cliff ba ya magana biyu.

Juma'a, 1 ga Fabrairu
Ƙungiyar ma'aikata ta raba nama, mun sami ɗan yanki. Na sake gwada fudin da ƙwai ɗaya, har ƙafar kujera na ƙona. Bai tashi ba. Na yi kuka a bayi don kada Baba ya ji.

Asabar, 2 ga Fabrairu
Na bi ta lungun baya zuwa gidan Glenys. Da Glenys ta buɗe sai ta dafe ƙirji. "Yaya, rasuwa aka yi?" Na ce wuta na zo aro, ba hira ba. Ta ce in kawo ƙullun gobe da sha biyu, Royston ba ya nan. Ta rame. Tagar da aka fasa musu har yau kwali ne a jiki.

Lahadi, 3 ga Fabrairu


Cliff ya tafi taron ƙungiya, na ɓoye kwanon ƙullu cikin kwat na fita. Zafin kicin ɗinta har ya sa ni jiri, na manta gida na iya ɗumi haka. Kitse ya yi hayaƙi, na zuba, ya ce cuu, na rufe. Ba a buɗe obin, wato tandar, sai fudin ya gasu, in an buɗe ya faɗi, don haka dole muka tsaya kamar gumaka muna kallon ƙofar ƙarfe. Can ta ce yaranta ba wanda ke wasa da su a makaranta.

Fudin ɗin duk sun tashi! Jajaye, gefe ya yi tudu, tsakiya rami. Sai a lokacin gabana ya faɗi. Cliff ba yaro ba ne, ya san abin da wutar gidansa za ta iya. Glenys ta lulluɓe su da tsummanta, ta ce in na isa gida in danne su da cokali su kwanta, wa zai gane?

Na isa, na ɗauki cokalin. Baba ya leƙo daga gado yana shaƙar ƙamshi, idonsa kamar na yaro. Na ajiye.

Cliff ya shigo, ya dubi tebur. Ya wuce ya taɓa ƙofar obin ɗinmu da bayan hannu.

"Beryl, wutar wa?"

Baba ne ya amsa, yana haki tsakanin kalmomi. "Wutar kwal ce, ɗan nema. Ni na haƙo ta kafin a haife ka. Zuba min romo, 'yar nan."

Biyu ya cinye, mutumin da ya kwana uku bai gama ko shayi ba. Cliff ya ture nasa, ya ɗauki hula ya fita. Naman ma bai taɓa ba.

Talata, 5 ga Fabrairu
Cliff bai ce in tafi ba. Bai ce komai ba. A kujera yake kwana kusa da Baba. A kicin ɗin matan ƙungiya, wata daga cikinsu, matar Pickersgill, ta janye kujerarta daga kusa da ni. An gan ni ke nan. Ina jin tsoro, ƙarya ne in ce ba na ji.

Alhamis, 7 ga Fabrairu
Tsumman Glenys na mayar, abin mutane ne ai. Lungun baya duk taɓo, shi ya sa na bi ta titi, da rana tsaka, na ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Ban yi niyyar zama ba, ita ta ɗora shayi. Da na fito Cliff yana tsaye a tagarmu yana kallona. Ban ƙara sauri ba.