Ni Na Ce Ya Shafa Wa Babana Kek

Assalamu alaikum admin da duk 'yan wannan gida. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, ko da zagi za ku haɗa mini da ita na yarda, domin abin da na aikata ya fi ƙarfin zagi. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni ɗan cikin garin Daura ne, shekara huɗu ke nan ina Alƙahira, ina aiki a wani shagon kargo, mu ne masu ɗaure dilolin abaya da takalma da ake turowa Kano. Karatuna bai wuce sakandare ba. Wanda ya kai ni can abokina ne tun na ƙuruciya, zan kira shi Nura, gidansu da namu gida uku ne tsakani. Ya riga ni zuwa, ya iya Larabci kamar ɗan ƙasa, aikinsa tafinta ne, idan mutanenmu sun zo neman magani shi ke tarbo su a filin jirgi, ya kai su wurin likita, ya fassara musu. Mu shida ne a gida ɗaya, duk Hausawa, har da ɗan Maraɗi. Rayuwar can aiki ce da barci da kewar gida, ranar Juma'a ce kawai muke haɗuwa mu ci abinci a faranti ɗaya.

A nan muka koyi yin bazde, wato bikin zagayowar ranar haihuwa, abin da babu wanda ya taso ya ga ana yi a gidansu. Duk wanda ranarsa ta zo sai a sayo kek, a dafa shinkafa da miya, in an gama ci a danne shi a dulmuye masa fuska da kek ɗin, wani lokaci har da ƙwai da fulawa. Ba zan ɓoye muku ba, ni ne jagoran wannan shashanci. Kuma ni ne wanda ba ya ɗaukar wasa in an juyo kansa, hannuna yana da sauri tun ina yaro, duk unguwarmu an san ni da haka.

Bana muka kawo mahaifina a cire masa yanar ido. Baba ya haura saba'in, hatsi yake sayarwa a kasuwa, mutum ne da ko dariya ba ya yi da ƙarfi. Maigidana bai ba ni hutu ba, saboda haka Nura ne ya ɗauki komai. Shi ke riƙe masa hannu a matakalar bene, shi ya zauna a ƙofar ɗakin tiyata, shi ke ɗiga masa magani sau huɗu a rana. Har Baba yakan ce, “Nura shi ne ɗana, kai kuwa ɗan kargo ne.” Ana dariya ina dariya, amma maganar tana sukata.

An yi aiki lafiya, ido ya buɗe. Saura kwana biyar mu taho, domin ni zan rako shi, sai Nura ya lura ranar haihuwar da ke fasfon Baba ta faɗo a Juma'ar makon. Shi Baba bai ma san da ita ba, in ka tambaye shi cewa yake an haife shi ana yankan gero, saura kuwa masu yin fasfo ne suka rubuta abinsu. Nura ya rubuto mini cewa mu yi wa Baba 'yar walima, a ci abinci ya yi mana addu'a. Ni kuwa ina cikin sito sai na danna masa saƙon murya ina dariya, na ce wace walima, bazde za mu yi masa cikakke, kuma kai za ka shafa masa kek ɗin tunda kai ne ɗan lelensa. Ya amsa da cewa, “Anya kuwa? Baba ne fa.” Na ce wallahi Baba yana son raha, ni na san shi, in ka ji tsoro kai ba namiji ba ne. Tsakanina da shi kawai aka yi wannan magana. Har yau ina tambayar kaina ko wasa nake yi, ko kuwa so nake Baba ya daina yabonsa.

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a falo. Baba ya sa farar shaddarsa da hula, ya ci abinci, ya yi mana doguwar addu'a. Da aka kunna kyandir a kan kek ya ce, “To, an ɗauke wuta ne da rana tsaka?” Kowa ya fashe da dariya. Nura ya kalle ni, na gyaɗa masa kai. Ya dumbuzo kek a hannu ya shafa wa Baba a gemu da kumatu, garin haka hular ta faɗa cikin kwanon miya. Baba ya ɗaga hannu ya kare idon da aka yi wa aiki, abin da ya ce kawai shi ne, “Nura? Ni?”

Nura ya juyo gare ni ya buɗe baki, ya kira sunana. A nan ne gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba take. Ba don mutuncin Baba na tashi ba. Na san abin da zai biyo bayan sunan nan, cewa zai yi ni na sa shi, shi ya sa bakin na fara nema. Naushin farko a baki ne, ya faɗi kan tebur, na bi shi na danne masa ƙirji da gwiwa ina ta kai masa, da hannuna ya gaji na jawo tiren ƙarfen da aka zubo shinkafa na riƙa maka masa a gefen fuska. Jini ya haɗu da kek a kan kafet. Bai rama ba ko sau ɗaya, hannu kawai yake karewa da shi. Mutum uku suna jana sun kasa. Baba ya riƙo mini riga yana cewa, “Kai! Kai! Za ka kashe ɗan mutane!” Na fizge, gwiwar hannuna ta same shi a ƙirji ya zube zaune. Faɗuwarsa ce ta dawo da ni hayyacina.

A asibiti aka ce muƙamuƙin Nura ya karye wuri biyu, haƙora uku sun fita, kunnen hagu kuma ba ya ji sosai. An ɗaure masa baki da ƙarfe, kunu da madara yake sha ta bututun roba. Likita ya tambayi abin da ya faru, sai Nura ya nemi biro ya rubuta cewa daga bene ya faɗo. Ya san takardar zamana ta ƙare, in 'yan sanda suka shigo maganar kulle ni za su yi sannan su koro ni. Mutumin da da bakinsa yake ci, na rufe masa bakin, shi kuma ya rufa mini asiri.

Kafin mu sauka Najeriya labari ya riga mu. Ashe ɗaya daga cikin 'yan ɗakinmu yana ɗauka a waya, ya tura wa wani, wani ya tura wa wani. Bidiyon ya nuna shafa kek da faɗuwar hula da naushina na farko, ba ya nuna gyaɗa kan da na yi. Yanzu a unguwarmu ni ne gwarzo. Dattawa na tsayar da ni a ƙofar masallaci suna cewa haka ɗan halak yake yi, wani har cewa ya yi da shi ne sai ya fasa masa ido.

Kwana biyu da dawowarmu babban wana, Yaya Sale, ya ɗauki gora ya tafi garejin Auwalu, yayan Nura, mai gyaran babur. Mutumin da ko Kano bai cika zuwa ba, bai san hawa ba bai san sauka ba, Yaya Sale ya rotsa masa kai, sai da aka yi masa ɗinki. Da la'asar abokan aikin Auwalu suka zo ƙofar gidanmu da sanduna da sifana, namu ma suka fito, aka yi ta jifa har aka fasa wa wani maƙwabci goshi, da ƙyar mai unguwa ya raba.

Abin da ya fi cina shi ne zuwan mahaifiyar Nura. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ta riƙe su da sana'ar ƙuli-ƙuli, kuma na ci tuwonta ba adadi. Ta zo ba Baba haƙuri, bai fito ba. Da za ta fita muka haɗu a zaure, sai tsohuwar nan ta durƙusa a gabana tana kuka tana cewa, “Ɗan nan, ka yafe masa, wallahi ba haka na rene shi ba.” Na ce, “Ba komai Inna, tashi.” Abin da bakina ya iya ke nan. Ni na karya mata ɗa, ni ta durƙusa wa.

Baba kuwa ya daina zuwa kasuwa, domin akwai marasa kunyar da suka fara ce masa Baba mai kek. Idon ya warke sarai, amma yini yake a ɗaki. Ya ce mini dukan ya yi yawa, sannan ya sa mini albarka. Kusan kullum sai ya tambaye ni, “Wai me na yi wa yaron nan? Shi fa ke ɗiga mini magani.” Sau biyu ina shiga da niyyar in faɗa masa, in na ga fuskarsa sai in ɓuge da tambayar ko ya sha maganin hawan jininsa.

Tun ranar da abin ya faru Nura bai kira ni ba, ai ba ya ma iya magana. Shekaranjiya ya turo mini rubutu ɗaya. Ya ce saƙon muryata yana nan a wayarsa, bai tura wa kowa ba, ko Innarsa ba ta sani ba, kuma ba zai tura ba saboda kada Baba ya ji muryar ɗansa yana faɗin haka. Ya ce aiki ya tsaya, zai dawo gida ya yi jinya. Labarin dawowar ya riga ya kai kunnen Yaya Sale, ya rantse a gaban mutane cewa ranar da Nura ya taka garin nan sai ya karya masa hannun da ya taɓa gemun Baba, kuma ya sa masu duba masa tasha. Na san Yaya Sale, jininmu ɗaya, ba ya rantsuwar banza.

Jama'a, na yi istigfari, amma na san wannan haƙƙin mutum ne, kuka a kan sallaya ba ya goge shi. Idan na faɗa wa Yaya Sale gaskiya zai juyo da gorar kaina, wannan bai dame ni ba, na ci bashinta. Amma ba zai yi shiru ba, gari duka zai ji, Baba zai ji a bakin mutane cewa ɗan cikinsa ne ya shirya masa wulaƙancin. Idan ni na faɗa wa Baba da bakina, ina tsoron jininsa ya hau, ina kuma tsoron kalmar da za ta fito daga bakinsa a kaina. Na yi tunanin in roƙi Nura ya ɗaga tafiyar, sai na ga har yanzu shi nake so ya ƙara ɗaukar mini kayana.

Wa zan fara tunkara, Baba ko Yaya Sale ko Innar Nura? In nemi mai unguwa ko limaminmu su zauna a wurin, ko in shiga wurin Baba ni kaɗai? Wanda ya taɓa faɗa wa mahaifinsa magana mai nauyin wannan, don girman Allah ya koya mini yadda ake buɗe baki. Yau Lahadi, jirgin Nura ranar Alhamis zai sauka.