Baffa Ba Fursuna Ba Ne

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, ya ƙafar taka? Ya Inna da sauran mutanen gida? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Yaya ya gaya mini kana shirin zuwa wajen shugaban sashenmu don a mayar da ni karatun haɗa magani, saboda Goggo na yawo tana cewa na tafi jami'a koyon laifi. Na yi dariya har da hawaye. Baba, ba laifin ake koya mana ba, abin da ke biyo bayansa ne: kama mutum, tsare shi, kai shi gaban alƙali. Don Allah kada ka wahalar da ƙafarka, ba zan canja ba, ga kuma dalilina.

Makon jiya malamarmu ta kai mu gidan yari. A wani dogon ɗaki mai tagogi can sama, mutane na zaune gwiwa da gwiwa, wani yana ɗinke silifas da zaren buhu. Ɗan ajinmu ya kira su fursunoni, malama ta tsayar da shi nan take. Ta ce waɗannan masu jiran shari'a ne, alƙali bai kama ko ɗaya da laifi ba, duk wanda ya haɗa kalmomin biyu a jarrabawa ya faɗi.

A nan ne na tuna da Baffa. A irin ɗakin nan ƙanenka ya yi shekarunsa, aka sake shi ba tare da an yanke masa hukunci ba. Amma tun dawowarsa tsohon fursuna muke ce masa. Shi kaɗai yake cin abinci a shagonsa, ko ɗaurin auren Yaya ba a gaya masa ba. Abin yana ci mini rai.

Ni ce ta ɗaya a wannan darasi, kuma wannan aikin zan yi, in Allah ya yarda. Idan har ƙafar za ta iya fita, shagon Baffa ya fi jami'a kusa. Ka gaya masa ni na ce doka ba ta taɓa kiransa mai laifi ba, mu ne muka kira shi.

A gaida Inna, a ce wa Goggo ban saci komai ba tukuna.

'Yarka,
Auta