Kififiyar da Ta San Hanyar Gida

Legas, 3 ga Maris

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ciwon gwiwa ya yi sauƙi. Tunda ba kya ɗaga wayata, na ba direban motar Bauchi wannan takarda ya kai wa maƙwabciyarki Mama Liatu ta karanta miki.

Shekara uku ke nan da kika ce in na kama aikin nutso a teku kada in sake tako miki gida. Na san dalili, Inna. Ni ma ban manta ranar da rafin Zungur ya cinye ƙanena Abdulbaqi ba.

Watan jiya na nutsa kusa da wani jirgi da ya daɗe da nitsewa, da tukunyar iska a bayana. Sai ga kififiyar teku, irin ƙananan nan, bayanta kore-kore mai duhu, faɗinsa bai wuce farantin tallar goro ba. Tsohuwar komar masunta ta naɗe mata hannu. Su ma iska suke shaƙa kamar mu, in ba ta hau sama ba mutuwa za ta yi. Na ciro wuƙa ina yanka zaren, ita kuwa ta zuba min ido kamar tsohuwar da ake cire wa ƙaya. Da ta kuɓuta ko waiwaye babu.

Ogammu ya ce komai nisan yawonsu, in za su yi ƙwai sai sun nemi gaɓar da aka ƙyanƙyashe su. Tun ranar abin yake raina. Yanzu dai na ɗan dakata da nutso, ƙarnin kifi ma ba na so.

Mijina Mansir yana gaisuwa.

'Yarki,
Ni'ima

*

Ƙofar Dumi, Bauchi, 12 ga Maris

Ni'ima 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ke yanzu ni za ki yi wa wayo? Shekara talatin ina karɓar haihuwa a asibiti, ke kanki a hannuna kika faɗo. Kin daina nutso, ba kya son ƙarnin kifi, kuma sai labarin mai ƙwai da ke neman gida! Wata nawa ne?

Na karanta wa Innarki A'i takardar tana tsince shinkafa. Da na zo wajen komar sai ta tsaya, ta ce, "Da zaren ya kama ta fa?" Na ce kififiyar? Ta ce, "Waccan dai." Kin san uwarki da kunyar 'yar fari, har yau sunanki bai taɓa fita bakinta ba.

Da na gama ta ce in maimaita wajen ƙwai. Na maimaita. Ta tashi ta shige ɗaki, ta bar wa kaji shinkafar. Uwa ce, ba sai an faɗa mata ba.

Ki daina aiko kififiya ta yi miki magana. Buɗe baki ki roƙa.

Mamanki,
Liatu

*

Legas, 20 ga Maris

Inna,

Bayan gaisuwa. Wata biyar ne. Tsoro nake ji, Inna, wanda ban taɓa ji a ƙarƙashin ruwa ba. Mansir ya ce 'yar'uwarsa za ta zo ta zauna da ni, amma ni a ɗakinki nake so in haihu, ke nake so ki yi min wankan jego.

Ba zan yi miki ƙarya ba, bayan yaye zan koma aikina, ina sonsa. In da wannan ba za ki karɓe ni ba, ki faɗa wa Mama Liatu, zan haƙura. Ki yafe min ɓacin ran da na sa ki.

Ni'ima

*

Ƙofar Dumi, 2 ga Afrilu

Ke,

Wa alaikis salam. Ni ke faɗa, Liatu ke rubutawa, na hana ta ƙara nata.

Ba fushi ba ne. Duk ƙarar waya sai in ce ga labarin da nake gudu ya zo, shi ya sa ba na ɗagawa. Ɗaya ruwa ya karɓe min, ban san yadda zan yi da na biyu ba.

Na sa Babayo mai itace ya kawo kaya daga Zungur, an jera a zaure. Na wanke babbar tukunya. Ganyen darbejiya ga shi a ƙofar gida. Ki taho kafin wata bakwai, hanyar nan ba ta mai tsohon ciki ba ce.

Maganar teku sai kin zo. Ki taho da wuƙar nan in gani.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ni'ima.

Innarki

(Ba ni na ƙara sunan ba. Ita ta faɗa, har sau biyu. Liatu.)