Ƙwayar Shagon Ɗinki

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki?

Na tsinci ƙwaya a aljihun Yaya, ya ce kai kake raba wa telolinka. Na duba sau biyu don kada in yi maka ƙage: dangin amfetamin ce. Tana tilasta wa ƙwaƙwalwa fitar da dofamin, sinadarin jin daɗi, ta hana shi komawa ma'ajiyarsa. Barci da yunwa su ɗauke, zuciya ta yi ta gudu, jini ya hau. Wanda ya saba, in ya rasa ta, jikinsa mutuwa yake, ransa ya ɓaci, ba abin da yake so sai ita.

Don Allah ka daina ba shi. Ka yafe min in na zaƙe.

'Yarka

*

Likitar Kawu,

Wa alaikis salam. Kai, boko ya yi rana! Da ma yayan naki yana ta cika baki wai zai koma wani shago. Da na karanta bayaninki sai na hana shi ƙwayar. Ba a rufa mako ba ya dawo yana durƙuso, sai na ci gaba da ba shi. Abincin rana ma na soke, tunda kin ce ba sa jin yunwa.

Allah ya ƙara basira.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ni ba likita ba ce, haɗa magunguna na karanta. Kuma ban ce jikinsu ba ya buƙatar abinci ba, cewa na yi ba sa jin yunwar.

Jiya na taɓa hannun Yaya, zuciyarsa na bugawa ba tsari. Ya kasa zura zare a allura, ya zagi Inna da ta karɓa za ta zura masa. Bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Ɗan 'yar'uwarka ne, Kawu. Ina roƙonka.

'Yarka

*

Likita,

Sannu da ƙoƙari. Yayanki ya faɗi a kan keken ɗinki, har ya ɓata wa mutane yadi. Yana asibiti, ɓarin jikinsa ba ya motsi.

Innarku ta zo da kanta ta karɓi keken, don kada gurbinsa ya tafi. Sai dai gyangyaɗi ya yi mata yawa, ga hawan jini. Guda zan ba ta ko rabi? Ke ce mai ilimi.

Sai na ji ki.

Kawunki